Layin Gidan Yaya Ba Ya Shiga

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ina nan yadda kika bar ni, sai ƙafafun da suka ƙara kumburi.

Direban da kike ba saƙo ya kawo mini kwalin jiya da hantsi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana washe baki, yana jira in buɗe a gabansa, ni kuwa na yi masa godiya na rufe ƙofata. A ciki na tarar da wani ɗan allo kore da bai fi tafin hannu ba, da faifai, da igiyar waya, da ɗan littafin bayani. Takardarki ta ce sunan abin modem, kuma ɗanki Injiniya ne ya saya. Wai in an sa shi cikin kwamfuta aka haɗa da layin wayar gida, sai mutum ya rubuta wasiƙa ta isa wata ƙasa kafin ya tashi daga kujera. Ba sai kin yi mini bayani ba, Auta. Kalmar tana cikin ƙamus ɗina, ni na rubuta mata ma'ana da hannuna. Riƙe abin ne dai ban taɓa yi ba sai jiya.

Na ce ɗanki, domin tun da ya koma garinku ya zama naki. Kin ce ya samu aiki a ƙasar waje, zai tashi ba da jimawa ba, kuma ba a ba su hutu sai an kwana biyu. Kin ce yana so ya zo ya yi mini sallama amma yana jiran izini. Tunda na ga ya ba ki nasa labarin, bari in ba ki nawa, don ba kya nan ranar. Bayan rasuwar uwarsa ne, a falon nan. Ya ce in tattara in koma wurinsa, in rabu da ƙamus ɗin da ba wanda zai buga. Da na ƙi, sai ya ce a kan wannan ƙamus uwarsa ta tsufa tana kallon ƙeyata. Na ce ya fita, kada ya sake taka ƙofar gidan nan sai na ce ya zo. Ya fita. Cikin duk abin da na taɓa gaya wa yaron nan a duniya, wannan kaɗai ya bi.

Yanzu maimakon ya ce Baba ka yi haƙuri, sai ya aiko mini da aikin gida a kwali, kamar ɗan firamare. Ya san kwamfutar nan ta tsufa. Ita ce aka bar ni na ɗauka ranar da aka rufe hukumar fassara, da aka ce kowa ya kwashe abin da ke teburinsa kafin masu gwanjo su iso. Mu da aka tura karatu aka ce mu za mu raya harshe, abin da muka fito da shi ke nan: ni kwamfuta, abokin aikina fanka. Duk ƙamus ɗin yana cikinta. In na buɗe cikinta wani abu ya ƙone, aikin rayuwata ya tafi, ɗanki kuma ya samu abin da yake so.

Ki gaya masa kwalin ya iso, na ɗora shi a kan kabad. Kada ki ƙara komai a kai. Maganar likita kuwa tsakanina da ke ce. Ba na son wanda zai zo duba ni don an ce masa zuciyar tsoho ta gaji.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa har yanzu ban yafe masa sace mini ƙanwa ba.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya Malam,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da girmamawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Maigidan ya ce in gaya maka shi ma ya gaji da kayan satar, in kana so ka turo mota.

Yaya, wallahi kai dai ba ka canjawa. Yaro ya zagaya kasuwa yana neman irin wanda zai shiga tsohuwar kwamfutarka, domin an ce masa an daina yin irinta, kai kuma ka ce aikin gida ya ba ka. Da ya kawo mini kwalin cewa ya yi, “Goggo, Baba ba ya iya magana amma yana iya rubutu. In na tafi, wannan ne kaɗai zai sa in riƙa jin ɗuriyarsa.” Na gaya masa ka ɗora a kan kabad, kamar yadda ka ce. Ya ce dama ya sani. Ya miƙe ya tafi wanke motar maigidan, wadda aka wanke da safe.

Ni ban je inda ka je karatu ba, amma na san abin da ya faɗa maka ranar nan bai kyauta ba, na kuma san uwarsa ya binne a makon. Ku biyun nan kai ɗaya gare ku, kamar dutsen niƙa. Me zai ci ka in ka rubuta layi ɗaya a ƙasan takardarka ta gaba, ka ce ya zo? Ni zan nuna masa. Ba sai ka buɗe cikin wata kwamfuta ba.

Maganar likita na riƙe ta, amma tana ƙona mini baki. Kai ka gaya mini ya ce ba zai yi maka alkawarin shekaru ba. Shi kuma yaron nan shekaru zai yi. Ka haɗa biyun da kanka, kai ne mai ilimi.

Ka rage gishiri, ka ɗora ƙafafun a kan matashi. Allah ya ƙara lafiya.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni. Ba zan aika wa ɗana izini ta bakin wani ba, ko da ke ce. Da bakina na kore shi, ba ɗan aike na tura ba. Tunda ta wannan abin ya zaɓa ya yi mini magana, ta nan zan amsa masa. Don haka na sauke kwalin daga kabad.

Sai da na kwafe ƙamus ɗin a ƙananan faya-fayai tukuna, na zuba su a gwangwanin biskit na kai ɗaki. Sannan na kashe wuta, na zare igiyoyi duka, na rungumo akwatin kwamfutar zuwa teburin cin abinci. Nauyinta ya sa sai da na zauna na huta kafin in ɗauki sukundireba. Da na cire murfin, na tarar da ƙura ta yi dam a ciki kamar auduga, har da gawar wani gizo-gizo a kusa da fanka. Na ce masa sannu abokin aiki, kai ma a nan ka yi ritaya.

Littafin ya ce mutum ya taɓa ƙarfe kafin ya taɓa allon, don kada wutar jikinsa ta ƙona shi. Na yi dariya ni kaɗai, na ce wace wuta ta rage a jikina. Amma na je na kama kan famfo, kamar mai gaisawa da shi.

A cikin akwatin akwai wasu dogayen ramuka a jere, farare da baƙaƙe, shi kuma allon yana da haƙora masu ruwan zinariya a gefe guda, waɗanda za su shiga ɗaya daga cikin fararen. Kafin nan sai an cire wani siririn ƙarfe da ya toshe tagar baya. A nan sukurun da ke riƙe da ƙarfen ya suɓuce mini ya faɗa can ƙasa, ƙarƙashin wayoyi. Na girgiza akwatin, ina jin motsinsa, ba na ganinsa. Daga ƙarshe sai na buɗe kwandon ɗinkin marigayiya, wanda ban taɓa ba tun tafiyarta, na ɗauko maganaɗisun da take tsince allurai da shi. Akwai wata rigata a ciki, ta fara mayar mata da maɓalli ba ta gama ba, allurar tana soke a wuyan. Na ɗauki abin da na zo nema na rufe.

Shigar da allon ya fi komai wuya. Littafin ya ce a danna “a hankali amma da ƙarfi”, ki ji shirme. Wanda ya rubuta wannan da a ƙarƙashina yake aiki da ya sha jan biro. Na danna a hankali, ya ƙi. Na ƙara, ya ƙi. Na rufe ido na sa manyan yatsuna biyu na ɗora masa nauyina, sai na ji ƙas. Na daɗe a tsaye ban buɗe idon ba. Ashe ƙarar shigarsa ce.

Na mayar da murfi, na haɗa igiyoyi, na kunna. Ta yi gurnaninta na kullum, ta kawo haske, ta ce ta ga baƙon abu a jikinta, a ba ta faifansa. Ƙamus yana nan, ko waƙafi bai ɓata ba.

A bayan modem ɗin akwai ƙananan ramuka biyu, ɗaya da hoton bango, ɗaya da hoton tarho. Igiyar da ta fito daga bango ta shiga na farko, ta tarhon gida ta shiga na biyu. Dabara ce mai kyau, dole in yaba: rami biyu, hanya biyu, ɗaya ta rubutu ɗaya ta murya. Na ɗaga kan tarho na ji sautin layi yana nan ras.

Washegari na je ofishin masu sayar da intanet. Wata yarinya mai tabarau ta karɓe ni, tana yi mini magana da ƙarfi kamar kurma. Ta ce, “Baba, da ka kawo kwamfutar mun haɗa maka komai.” Na ce na haɗa. Ta ce, “Jikanka ne ya sa maka?” Na ce jikana bai samu uban da zai haife shi ba tukuna. Ta ba ni lambar da zan kira, da suna, da kalmar sirri, ta buɗe mini akwatin saƙo.

To a nan muka tsaya. In na danna, sai modem ɗin ya buga lambar, ya yi wani irin ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin gwangwani, ya yi huci, sannan allo ya ce ba a samu shiga ba. Yarinyar ta ce layukansu kaɗan ne, mutane sun yi yawa, in yi ta gwadawa. A ƙasar nan ko na'ura sai ta bi layi.

Abu ɗaya: kada ki gaya wa Injiniya na sa abin nan. Ki bar shi a kan cewa yana kan kabad. Ina so ya buɗe akwatinsa ya ga sunana ba zato, ya san tsohon da ya raina bai mutu ba. Ki turo mini adireshinsa na saƙo, ki ce wani ne ya tambaye ki.

Na rage gishirin. Abinci ya zama kamar takarda.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira a waje yana ta danna mini oda.

An matso da tafiyar. Ranar Alhamis ɗin nan zai tashi, kuma daga filin jirgin garinku. Zai sauka a tashar mota wajen azahar, jirgin sai bayan magariba. Na yi masa magiya ya wuce gida kai tsaye, ya ce a'a, ba zai taka ƙofar ba sai ka ce. Abin da na samu daga gare shi da ƙyar shi ne zai bugo maka daga shagon waya na tasha. Yaya, don girman Allah ka zauna kusa da tarhon nan, in ya yi ƙara ka ɗauka, ka ce masa “zo”. Harafi biyu ne, ba sai ka duba ƙamus ba.

Adireshinsa yana bayan takardar nan, 'yata ce ta kwafo mini, ni ban gane kan waɗannan ƙugiyoyin ba. Ban gaya masa ka sa abin ba, ko da yake ban ga amfanin ɓoyon ba.

Allah ya sa ku gana.

Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Bai bugo ba. Na fara da wannan don kada ki wahalar da idonki kina nema a ƙasa.

Ranar Alhamis tun da safe na share falo, na goge tebur, na canja zanen gadon ɗakinsa ko da zai so ya miƙe kafin lokacin jirgi. Na sauka da ƙafafun nan na sayo lemo da irin biskit ɗin da yake so yana yaro. Na yi aski. Na sa farar rigata. Ki ji tsohon banza.

Kin ce in ce masa zo. Na gwada faɗa a gaban madubi, sai na ji muryata ta fito kamar ina kiran masinja. Na san halina, in na ji muryarsa zan iya tambayarsa ko ya koyi ladabi, shi ke nan komai ya lalace. Sai na yanke shawarar in rubuta, saƙon ya riga shi isa. In ya bugo, abin da zan ce kawai shi ne ya duba akwatinsa, tunda akwai masu kwamfuta a bakin tasha. Na zauna na rubuta shafi guda, na goge. Na rubuta rabi, na goge. Ni da na yi shekaru ina gyara rubutun manya, abin da ya rage a allon shi ne: “Injiniya, ka zo gida. Babanka.”

Na danna, kyanwar ta yi ihunta, aka ce ba a samu shiga ba. Na sake. Na yi ta sakewa. Ana gab da azahar sai ihun ya canja, ya yi wata doguwar shaƙa, ya yi tsit. Wasu ƙananan fitilu biyu suka fara ƙiftawa a kusurwar allo. Na shiga, Auta. Na aika saƙon, na ga an rubuta ya tafi. Rabon da in ji abin da na ji a lokacin tun ranar da aka kira sunana a zauren jami'a.

Ban yanke layin ba. Abin da na sha wuya kafin in samu, ba zan sake shi ba, kuma ina so in ga amsarsa da zarar ta faɗo. Na jawo kujera tsakanin kwamfuta da tarho, ido a nan, kunne a can. Salla ma a wurin na yi ta. La'asar ta yi. Ƙanƙarar da ke cikin lemon ta narke ta jiƙa mini tebur. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na ji kamar tasi ce, amma ban leƙa ba, don kada ya ɗago ya gan ni a taga kamar mai jiran tsammani. Tarhon nan ko tari bai yi ba. Akwatin saƙo kuma fayau.

Bayan magariba jirage suka fara wucewa ta saman unguwa. Ban san wanne ne nasa ba. Na kashe kwamfutar, na cire rigar na rataye.

Don haka ki daina ce mini yaro yana jiran izini. Ya gaya miki abin da zai faranta miki rai ne, ya wuce abinsa. Irin tarbiyyar zamani ke nan, a aiko wa uba kwali a ce an sauke nauyi. Ban yi mamaki ba. Hukumar da na ba ƙuruciyata ma ba ta yi mini sallama ba, balle wanda na ba suna kawai.

Biskit ɗin yana nan, zan ba direba ya kai wa yaranki.

Yayanki.

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Takardarka ta zo, na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, har yanzu kaina bai daina juyawa ba.

Ya bugo, Yaya. Daga filin jirgi ya kira ni a shagon mai magani na maƙwabtanmu, aka zo aka kira ni da gudu. Ya ce tun da ya sauka a tasha yake buga lambarka, layi ba ya shiga, sai ɗit-ɗit-ɗit, alamar ana kan magana. Ya jira, ya sake, haka. Ya ce wa zai yi ta hira da Baba tun azahar, mutumin da ko gaisuwa a waya ba ya bari ta kai ƙarshe? Sai ya ɗauki tasi da jakunkunansa ya zo har layinku. Ya zauna a shagon waya da ke kallon gidanku, yana ganin tagarka a buɗe, ya yi ta bugawa daga nan har rana ta yi sanyi.

Ka san abin da ya ce mini? “Goggo, ya ajiye kan tarhon a gefe ne. Haka ya yi lokacin rasuwar Umma, da ya gaji da masu ta'aziyya. Ya san yau zan kira. Amsarsa ke nan.” Na ce don me bai hau ya ƙwanƙwasa ba, ko da za ka rufe shi da duka? Ya ce ya kai har bakin matakala ya juyo. Ina cikin yi masa faɗa aka kira jirginsu.

Na kwana ina jin haushinka, sai ga takardarka ta ce ka yi aski ka sa farar riga. To in ba ka ajiye kan tarhon ba, me ya samu layin? Ni ban san komai a kan na'urorinku ba, amma ku biyu kun wuni titi ɗaya ne tsakaninku, kowa yana jiran kowa. Ka bincika, don Allah. Kuma kada ka sake rubuta mini cewa suna kawai ka ba shi.

Ka riƙe biskit ɗinka.

Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na bincika.

Da na gama karanta takardarki na kunna kwamfutar, na yi ta dannawa har ta shiga. Na bar fitilun nan biyu suna ƙiftawa, na duba kan tarho yana zaune daidai a mazauninsa, na kulle gida na sauka. Na tsallaka titi zuwa shagon wayar. Shekara da shekaru ina wuce shi ban taɓa shiga ba. Na ba mai shagon lamba, ya duba, ya dube ni.

Ya ce, “Malam, ai wannan lambar na haddace ta. Ta wa ce?”

Na ce ta gidana ce.

Ya ce, “Gidanka za ka kira kana nan? Wa ka bari a ciki?”

Na ce ba kowa, ya buga kawai. Ya buga ya miƙo mini. Ɗit-ɗit-ɗit.

Ya ce, “Haka ta yi wa wani dogon saurayi ranar Alhamis. Ga bencin da ya zauna nan, da jakunkuna kamar mai ƙaura. Har na ce masa, ɗan'uwa, in budurwa ce ka haƙura, ta samu wani. Bai yi dariya ba. Ka san shi ne?”

Na ce na san shi. Na roƙe shi ya bar ni in ɗan zauna a bencin, ƙafafuna sun gaji. Daga wurin ana ganin tagata sosai, har da bayan kujerar da nake zaune a kai ranar. Da na miƙe sau ɗaya na leƙa, da shi ke nan.

Ramukan biyu ne, amma hanyar ɗaya ce. In kwamfuta tana kan layi, ta cinye shi duka, tarho ya zama kurma. Na dawo na bi littafin nan daga bango zuwa bango da jan biro a hannu, ina neman inda suka faɗi haka, don in san ko ni na tsallake. Ba su faɗa ba. Abu ne da kowa ya sani, shi ya sa ba a rubuta shi. Ɗanki ma ya sani, da a ce ya san abin yana cikin kwamfutar da tun bugun farko ya gane. Amma shi a saninsa kwalin yana kan kabad.

Ba na neman ki ce komai. Na buɗe ƙamus na ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kalmar, cewa na'urar tana toshe layin waya muddin tana aiki. Ko ba a buga ba, aƙalla yanzu ma'anar ta cika.

Numfashi yana ɗan yi mini wuya in na hau matakala. Likita ya ƙara wani ƙaramin farin magani.

Ki gaishe da gida.

Yayanki.

*

Auta,

Gaisuwa. Amsa ta zo ta kwamfuta. Ya sauka lafiya. Ya ce ya ga saƙona, ya ga kuma lokacin da aka aiko shi, ya gane abin da ya faru. Ya ce da zarar an ba shi hutun farko, gida zai fara zuwa. Ya tambayi lafiyata, na ce ƙalau, Allah ya kai mu. Ke ma abin da za ki ce masa ke nan.

Yakan rubuto in ya tashi daga aiki, ba shi da tsayayyen lokaci, don haka nakan bar layin a haɗe yawancin yini. In kin je shagon mai magani kin bugo kin ji ba ya shiga, kada hankalinki ya tashi, ina nan zaune ina jira ne. Ranar da kika ji yana ta ƙara ba a ɗauka ba, ki nemi direban nan ki taho. Makulli yana wurin mai shagon waya.

Na bar ki lafiya.

Yayanki.